Yadda Ƙungiyar Masana ta Ƙasa da Ƙasa Za Ta Faɗaɗa Mambobinta da Hanyoyin Samun Kuɗinta

Ƙungiyoyin masana da dama suna ɗauke da kalmar "duniya" a sunayensu, amma idan aka buɗe kundin rajistarsu sai a tarar da cewa galibin mambobin daga ƙasashe ƙalilan suka fito, idan kuma aka buɗe littafin ma'aji sai a ga cewa kuɗin da ke riƙe da ƙungiyar ta kafa ɗaya ko biyu yake shigowa. Shugabanni sukan ɗauki waɗannan a matsayin matsaloli biyu, su kafa wa kowace kwamitinta, alhali kuwa tushensu ɗaya ne. Ƙungiyar da ta dogara da ribar babban taronta za ta ci gaba da kai taron biranen da masu hali ke iya zuwa, wadda kuma ta dogara da kuɗin mujallarta za ta ci gaba da kallon manyan ɗakunan karatu na ƙasashe masu arziki a matsayin iyayen gidanta. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa alhakin faɗaɗa ƙungiya irin wannan, ko shugaba ne ko sakatare ko ma'aji, ya kamata ya riƙe igiyoyin biyu a hannu guda. Abin da ke tafe shawarwari ne ga masu wannan aiki, an jero su bisa tsarin da nake ganin ya fi dacewa a bi.

A fara da kundin rajista

Kafin ku buga sanarwar neman sababbin mambobi, ku zauna da kundin rajista na shekaru biyar ko goma da suka wuce, ku fitar da amsar tambayoyi uku: daga ina mambobin suke, a wane mataki na aiki suke, kuma su wane ne suka shiga suka fita ba su dawo ba. Tambaya ta ukun ita ce mafi muhimmanci, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. A ƙungiyoyi da yawa mutum yakan biya kuɗin shiga ne kawai a shekarar babban taro, domin a rage masa kuɗin halarta ko a ba shi damar gabatar da maƙala, da zarar an tashi daga taron kuma sai a neme shi a rasa. Idan haka lamarin yake a wurinku, to yekuwar neman mambobi ɗiban ruwa ne da kwando. Ku rubuta wa waɗanda suka daina biya gajeriyar wasiƙa mai tambaya ɗaya tak, wato abin da ya hana su sabunta rajistarsu, ku bar musu fili su amsa da kalmominsu. Amsoshin da za ku samu sukan fi duk wani rahoton ƙwararru amfani, domin a nan ne za ku ji cewa wani katin bankinsa ne ya ƙi aiki, wata kuma ta aiko da maƙala sau biyu ba a ko amsa mata ba.

Wajen wannan aiki ku kiyaye dokokin kare bayanan mutane. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayu na 2018 tana iya shafar ƙungiyar da ke riƙe da bayanan mazauna Turai ko da hedkwatarta tana wata nahiyar, don haka ku tattara abin da kuke buƙata kawai, ku kuma gaya wa mambobi abin da za ku yi da shi.

Kuɗin zama mamba da hanyar biyansa

Kuɗi bai ɗaya ga kowa da kowa shi ne shinge na farko. Adadin da malamin jami'a a wata ƙasa zai biya ba tare da ya ji a jikinsa ba yana iya cinye wani kaso mai tsoka na albashin watan takwaransa a wata ƙasar. Maganin da aka fi sani shi ne a kasa kuɗin mataki-mataki bisa ƙarfin tattalin arzikin ƙasashe. Ƙungiyar Masana Zamantakewa ta Duniya, wato ISA, wadda aka kafa a 1949 da goyon bayan UNESCO, ta daɗe tana raba ƙasashe rukuni uku, A da B da C, tana dogaro da alƙaluman Bankin Duniya. Shi Bankin Duniya yana kasa ƙasashe gida huɗu bisa matsakaicin kuɗin shigar kowane mutum, kuma yana sabunta jerin a ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara. Amfanin jingina da irin wannan jeri shi ne ba ku kuka tsara shi ba, don haka babu wanda zai zarge ku da son kai, kuma ba sai kun zauna kuna muhawara a kan kowace ƙasa ba.

Sai dai jerin yana da aibu, kuma ya kamata ku san shi tun da wuri. Matsakaici yake aunawa, ba ya ganin mutum. Ƙasa tana iya zama a rukunin masu matsakaicin arziki a takarda alhali darajar kuɗinta ta faɗi warwas cikin 'yan watanni, albashin malamanta ya zama ba ya sayen rabin abin da yake saye a da. Haka kuma a cikin ƙasashe masu arzikin akwai masu digirin digirgir da ke koyarwa bisa kwantiragin wata shida, da waɗanda suka yi ritaya, da masana da yaƙi ya raba da ƙasashensu. Don haka ina ba da shawarar a haɗa ma'auni biyu: rukunin ƙasa, da kuma abin da mutum ya faɗa da bakinsa game da kuɗin shigarsa, ba tare da an nemi ya kawo takardar shaida ba. Wasu ma'ajin suna fargabar cewa mutane za su yi ƙarya. Za a samu masu yi, amma asarar da za su jawo ba ta kai ta wulaƙanta mutanen kirki da neman su tabbatar da talaucinsu ba. A samar da ƙofar yafewa baki ɗaya, wadda sakatare zai iya buɗewa shi kaɗai cikin sirri, ba sai an kai sunan mai nema gaban kwamiti ba.

Ga ƙungiyoyin da mambobinsu ƙasashe ne ko cibiyoyin ƙasa, tsarin Tarayyar Masana Lissafi ta Duniya, wato IMU, abin nazari ne. Ƙasashen da ke cikinta sun kasu rukuni biyar, kuma yawan ƙuri'un ƙasa a babban zaure, wato taron wakilan mambobi mai yanke hukunci, daidai yake da lambar rukuninta, daga ɗaya zuwa biyar. Amma kuɗin da ake biya yana hawa fiye da ƙuri'un: kaso 1, 2, 4, 8, sannan 12. Ma'ana, ƙasar da ke rukuni na biyar tana biyan ninki goma sha biyu na abin da ta rukunin farko ke biya, amma ƙuri'arta ninki biyar ce kawai. Wannan hikima ce da ke hana dukiya ta zama ita kaɗai ce mai magana. A 2006 kuma tarayyar ta ƙirƙiro matsayin mamba na haɗin gwiwa domin ƙasashe masu tasowa, wanda ba a biyan kuɗi a kansa kuma ba shi da ƙuri'a, na wani ƙayyadadden lokaci, kafin ƙasar ta zama cikakkiyar mamba. Idan za ku kwaikwayi wannan, ku riƙe ƙa'idar wa'adin da kyau, domin matsayin da ba shi da ƙuri'a idan ya dawwama ya zama zaman 'yan kallo.

Sannan akwai batun da shugabanni da ke zaune a ƙasashe masu ƙarfin banki ba sa ganinsa sam, wato yadda za a biya kuɗin ko da mutum yana da shi. A ƙasashe da dama bankuna suna taƙaita abin da kati zai iya kashewa a waje, ko su hana baki ɗaya. Aika kuɗi ta banki zuwa wata ƙasa yana iya cin ladan da ya haura kuɗin rajistar kansa, wasu ƙasashen kuma takunkumi ya yanke su daga manhajojin biyan kuɗi da aka saba da su. Hanyoyin warware wannan ba su da wuya. A bari mutum ya biya na shekaru uku ko huɗu a lokaci guda, kamar yadda ISA ke yin rajistar shekaru huɗu. A bari sashen jami'a ya biya wa malamansa da ɗalibansa a dunƙule. A ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masana ta cikin ƙasa ta karɓi kuɗin da kuɗin gida, ta riƙe wani kaso domin ayyukanta, ta aiko da sauran sau ɗaya a shekara, ko ma a bar kuɗin duka a can a kashe shi wajen shirya taron shiyya. Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka tana da yarjejeniyoyin musaya da takwarorinta na ƙasashe masu yawa, inda mamban ɗaya ke samun rangwame idan ya shiga ɗayar. Irin wannan yarjejeniya tana kawar da fargabar da ƙananan ƙungiyoyi ke yi cewa babbar za ta ƙwace musu mutane.

Matasa kuwa a ba su ƙofarsu. Tarayyar Masana Taurari ta Duniya, wato IAU, wadda aka kafa a 1919, sai a 2018 ta buɗe matsayin ƙaramin mamba ga waɗanda ba su daɗe da kammala digirin digirgir ba. Ƙungiyar da ta jira har mutum ya zama farfesa kafin ta neme shi za ta tarar ya riga ya sami gida a wani wuri.

Inda ake taro da harshen da ake magana

Ga mafi yawan mambobi, babban taro shi ne ƙungiyar. Wanda bai taɓa samun halarta ba da wuya ya ji cewa da shi ake yi. Zaɓen birni, saboda haka, hukunci ne a kan wanda zai kasance a ɗakin da wanda ba zai kasance ba, kuma biza ce kan gaba a wannan lissafi. Taron duniya kan cutar ƙanjamau na 1992 an shirya yin sa ne a Boston, amma aka mayar da shi Amsterdam saboda dokar Amurka da ta hana masu ɗauke da ƙwayar cutar shiga ƙasar, kuma taron bai koma Amurka ba sai a 2012, bayan an janye dokar a 2010. Shekaru talatin bayan wancan sauyi, a taron 2022 da aka yi a Montreal, an sake kokawa ƙwarai da yadda mahalarta da yawa daga Afirka da Asiya suka rasa bizar Kanada a kan lokaci. Ku sanya batun biza cikin sharuɗɗan da duk birnin da ke neman karɓar baƙuncin taro zai amsa a rubuce: 'yan ƙasashe nawa ne ke buƙatar biza, tsawon wane lokaci ake jira, kuma ko masu masauƙin suna da wanda za su yi magana da shi a hukumar shige da fice. Ku kuma matso da ranar sanar da karɓar maƙaloli, domin takardar gayyata ta isa ga mutum wata shida ko fiye kafin taro.

Kai taro wata nahiya abu ne mai yiwuwa, an kuma yi. ISA ta yi babban taronta a Durban a 2006, IAU kuma ta yi babban zaurenta a Cape Town a watan Agusta na 2024, karon farko a Afirka bayan fiye da shekara ɗari da kafuwarta. Gaskiya ne irin wannan taro yana iya kawo riba ƙasa da wadda aka saba, don haka a tsara shi cikin kasafin shekaru da dama, ribar wani taro ta rufe giɓin wani.

Tallafin tafiya shi ne inda kyakkyawar niyya ta fi lalacewa a hannun tsarin ofis. Yawancin ƙungiyoyi suna cewa mutum ya sayi tikiti da kuɗinsa, ya kawo rasit bayan taro a biya shi. Wanda ya fi buƙatar tallafin shi ne wanda ba shi da kuɗin da zai fara kashewa, don haka wannan tsari yana tace ainihin mutanen da aka yi shi dominsu. Ku sayi tikitin da kanku, ku biya masauƙi kai tsaye, ku mayar da kuɗin biza ko da an hana mutum ita. A taron masana lissafi na duniya da aka yi a Seoul a 2014, masu masauƙi sun yi alƙawarin ɗaukar nauyin masana dubu ɗaya daga ƙasashe masu tasowa, kuma wannan alƙawari yana cikin abin da suka gabatar tun lokacin neman karɓar baƙuncin. Darasin shi ne, lokacin da birane ke takarar samun taronku shi ne lokacin da kuke da ƙarfin neman irin wannan.

Halarta ta intanet ta buɗe ƙofa ga mutane da yawa tun daga 2020, kuma bai kamata a rufe ta ba. Amma a yi ta da gaske: a naɗi jawabai domin wanda dare ya yi a wurinsa ya kalla daga baya, a tanadi wanda zai karanta tambayoyin masu kallo daga nesa a cikin ɗakin, a kuma yi amfani da manhajar da ba ta buƙatar intanet mai ƙarfi sosai. Kada kuma ta zama hujjar daina tallafin tafiya, domin abin da ke gina masani, wato haɗuwa da abokan aiki ido da ido, a farfajiyar taro yake faruwa.

Batun harshe zan taƙaita shi, duk da nauyinsa. ISA tana aiki da Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, mujallarta ta Global Dialogue kuma tana fitowa cikin harsuna fiye da goma da taimakon masu fassara na sa kai. Ko ƙungiyar da ba ta da ƙarfin ɗaukar tafinta tana iya karɓar taƙaitaccen bayanin maƙala cikin harsuna da dama, ta kuma umarci masu tantance maƙaloli su raba raunin hujja da raunin Ingilishi.

Kujera da ƙuri'a

Rangwame yana shigo da mutum, amma abin da ke zaunar da shi shi ne ya ga cewa maganarsa tana da tasiri. Ku dubi jerin shugabannin ƙungiyar tun kafuwarta, da editocin mujallarta, da waɗanda aka gayyata su yi manyan jawabai, da waɗanda suka karɓi lambobin yabo. Sabon mamba yana duba waɗannan jerin kafin ya duba farashi. Wurin da ya fi dacewa a fara gyara shi ne kwamitin tsayar da 'yan takara, domin mutane sukan tsayar da waɗanda suka sani ne, kuma kwamitin da duk mambobinsa suka yi karatu a jami'o'i iri ɗaya zai ci gaba da haifar da kansa. A rubuta a tsarin mulki cewa kowace shiyya tana da kujera, a sanya iyakar wa'adi, a mayar da zaɓe ta intanet domin kada ƙuri'a ta zama ta waɗanda suka iya sayen tikitin jirgi kaɗai. A kuma biya kuɗin tafiyar 'yan kwamitin zartarwa daga asusun ƙungiya, domin muƙamin da sai mai jami'a mai kuɗi a bayansa zai iya riƙewa an riga an zaɓi mai shi tun kafin zaɓe.

Inda kuɗin zai fito

Yanzu ga ɗaya igiyar. Ma'aji ya zana jadawalin shekaru biyar da ke nuna kason da kowace kafa ke kawowa: kuɗin mambobi, ribar taro, mujalla, tallafin gidauniyoyi, kyaututtuka, da ribar ajiya. Idan kafa ɗaya ta haura rabi, ƙungiyar tana tsaye ne da ƙafa ɗaya, ko da asusunta cike yake a yau.

Mujalla ita ce kafar da ta fi girgiza a 'yan shekarun nan. Shekaru da dama ƙungiyoyi suna miƙa mujallunsu ga manyan kamfanonin ɗab'i, kamfanonin su sayar wa ɗakunan karatu, su ba ƙungiyar kasonta, da wannan kaso kuma ake biyan ma'aikata da tallafin ɗalibai. A watan Satumba na 2018 wasu hukumomin ba da kuɗin bincike na Turai suka sanar da shirin da ake kira Plan S, wanda ya wajabta cewa binciken da suka ɗauki nauyinsa a buga shi inda kowa zai karanta kyauta, ya kuma fara aiki a 2021. A watan Agusta na 2022 ofishin kimiyya na fadar shugaban Amurka ya fitar da umarni mai kama da wannan. Tsohon ciniki, ke nan, yana ƙarewa. Hanyar da kamfanoni suka fi so ita ce marubuci ya biya kuɗin bugawa, wanda a mujallu da yawa yakan kai dubban daloli a kan maƙala ɗaya. A nan ne igiyoyin biyu suke haɗuwa ƙarara, domin ƙungiyar da ta rungumi wannan hanya ba tare da yafewa mai sauƙi ba ta buɗe wa talakan masani ƙofar karatu ta rufe masa ta rubutu. Akwai wata hanyar da kamfanin Annual Reviews ya fara gwadawa a 2020, inda ɗakunan karatu ke ci gaba da biyan kuɗinsu na shekara, idan kuma adadin ya cika sai a buɗe mujallar ta wannan shekarar ga kowa, marubuci bai biya ko sisi ba. Akwai kuma mujallun da jami'o'i ko hukumomi ke ɗaukar nauyinsu kai tsaye, irin tsarin SciELO da ya faro daga Brazil a ƙarshen shekarun 1990.

Kowace hanya kuka zaɓa, ku ɗauko kwantiraginku ku karanta, ku tabbatar da wanda ya mallaki sunan mujallar da tsofaffin fitowarta. A 2015 editocin mujallar nazarin harsuna ta Lingua suka yi murabus baki ɗaya bayan saɓani da kamfanin Elsevier, amma da yake sunan na kamfanin ne, dole suka kafa sabuwa mai suna Glossa. Ƙungiyar da ta mallaki sunan mujallarta tana iya neman tayi daga kamfanoni da dama duk lokacin da kwantiragi ya kusa ƙarewa, kuma a fara wannan shiri aƙalla shekara biyu kafin wa'adin.

Gidauniyoyi suna da amfani ƙwarai, amma a san halinsu. Galibinsu sun fi son biyan kuɗin wani shiri mai suna da wa'adi, kamar horar da matasan masana na shekara uku, fiye da biyan albashin sakatare ko kuɗin kula da shafin intanet. Ƙungiya tana iya tara shirye-shirye biyar masu tallafi alhali ofishin da ke gudanar da su yana durƙushewa. Don haka duk takardar neman tallafi a sanya mata cikakken kuɗin gudanarwa gwargwadon abin da gidauniyar ta yarda da shi, a kuma ƙi karɓar shirin da zai ci ƙungiyar fiye da abin da ya kawo. Haka nan a tuna cewa gidauniya tana canza alƙibla. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta kashe kuɗi masu yawa a kan ɗakunan karatu na jama'a na kusan shekara ashirin, sannan ta rufe wannan shiri a 2018, ko da yake ta sanar tun da wuri, ta kuma bar wa tarayyar ɗakunan karatu ta duniya, wato IFLA, tallafin ci gaba da aikin. Ba kowace gidauniya ce ke yin sallama da irin wannan mutunci ba, saboda haka tun ranar da aka sa hannu a kan tallafi a rubuta yadda shirin zai rayu ko yadda za a naɗe shi idan kuɗin ya tsaya.

Tallafin da ba na tsabar kuɗi ba sau da yawa ya fi ɗorewa. Tun 2011 sakatariyar IMU ta dindindin tana Berlin, a Cibiyar Weierstrass, da tallafin gwamnatin tarayyar Jamus da ta jihar Berlin. A 2011 ɗin ce kuma IAU ta buɗe ofishinta na amfani da ilimin taurari domin ci gaba a Cape Town, bisa haɗin gwiwa da hukumar bincike ta Afirka ta Kudu. Jami'a ko hukumar da ta ba ku ofis da ma'aikaci ɗaya ta sauke muku nauyin da ya fi kowane wuyar samun mai ɗauka. A rubuta yarjejeniyar, a fayyace cewa mai masauƙi ba shi da ta cewa a zaɓe ko a matsayar ƙungiya.

Kada ku raina kyautar mambobinku. A takardar sabunta rajista a sanya gurbin da mai hali zai biya wa wani, ko ya ƙara wani abu a asusun tallafin tafiya, a kuma gaya masa a ƙarshen shekara mutum nawa kuɗin ya kai taro. Manyan masana da suka ci lambobin yabo masu kuɗi sukan so su mayar da wani abu ga fanninsu idan an tambaye su. Guraben karatun digirin digirgir da IMU ke bayarwa a ƙasashe masu tasowa tun 2016 da gudummawar waɗanda suka ci lambar Breakthrough ta lissafi aka kafa su. A nan matsayin ƙungiya a gaban doka yana da tasiri, domin mai bayarwa yakan so a rage masa haraji. Shi ya sa ƙungiyoyi da ke da rajista a Beljiyam ko Suwizalan ko Faransa sukan kafa ƙungiyar abokai mai rajista a Amurka domin karɓar kyauta daga can. A Birtaniya kuma hukuma tana ƙara wa ƙungiyar agaji mai rajista fam 25 a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar. Rajistar har abada, wadda mutum ke biya sau ɗaya, tana kawo kuɗi nan take, amma bashi ce a kan ƙungiya na shekaru masu zuwa, don haka a zuba kuɗinta a ajiya, kada a kashe shi a shekarar da ya shigo.

Kamfanoni su ne kafar da ta fi buƙatar taka tsantsan, domin jarin ƙungiyar masana shi ne amincin da jama'a ke yi wa maganarta. A 2016 masana fiye da ɗari suka rubuta wa Tarayyar Masana Kimiyyar Ƙasa ta Amurka, wato AGU, suna neman ta daina karɓar tallafin kamfanin ExxonMobil saboda rawar da suka ce ya taka wajen yaɗa shakku a kan sauyin yanayi. Hukumar gudanarwar ta yanke shawarar ci gaba da hulɗar, amma muhawarar ta ɗauki watanni tana raba kan mambobi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku rubuta ƙa'idar karɓar tallafi tun kafin wani ya zo da tayi: irin kamfanonin da ba za a karɓa daga gare su ba, iyakar kason kasafi da mai bayarwa ɗaya zai iya riƙewa, haramcin sa baki a zaɓen masu jawabi ko abin da mujalla za ta buga, da wajibcin bayyana sunan kowane mai bayarwa. A kai wannan ƙa'ida gaban babban zaure mambobi su amince da ita.

Annobar 2020 ta nuna wa ƙungiyoyi da yawa abin da ke faruwa idan an soke taro bayan an sa hannu a kwantiragin otal da zaure. Ku tara asusun ko-ta-kwana da zai iya riƙe ofis na wata shida zuwa shekara guda ba tare da wani kuɗi ya shigo ba, ku kuma sa lauya ya duba sharuɗɗan sokewa a kowane kwantiragin taro. Bayan wannan ne za a yi maganar asusun dindindin, wanda ba a taɓa uwar kuɗinsa sai ribarsa. Abin da aka saba shi ne a kashe kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara, wato asusun dala miliyan ɗaya zai ba da dala dubu 40 zuwa 50. Wannan lissafi yana da amfani wajen sanyaya zumuɗin waɗanda ke ganin asusun dindindin zai magance komai cikin shekara biyu.

Dukan waɗannan gyare-gyare suna da farashi a farko. Rangwame zai rage kuɗin shiga kafin yawan mambobi ya cike giɓin, wataƙila ma ba zai cike shi duka ba, kuma ya kamata a faɗa wa babban zaure haka ƙarara, da alƙaluma, a nemi amincewarsa a kan shirin shekara uku ko huɗu. Kowace shekara a buga rahoton kuɗi da mai binciken kuɗi mai zaman kansa ya duba, a haɗa shi da jadawalin mambobi bisa shiyya da matakin aiki da adadin waɗanda suka sabunta rajista, a shafi ɗaya, domin mai karatu ya ga su tare. Da yake shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi 'yan sa kai ne masu sauka bayan 'yan shekaru, a tanadi kundin miƙa mulki da zai ƙunshi ranar ƙarewar kwantiragin mujalla, sunayen masu sa hannu a banki, sharuɗɗan kowane tallafi da ranar kai rahotonsa, da mabuɗan shafin intanet da kundin rajista, kuma ma'aji mai barin gado ya zauna da magajinsa aƙalla wata shida kafin ya sauka.